Lalle a Hannun Nazifa

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo tun safe suna cewa na bar su a tsaye, ku yi haƙuri, injin ban-ruwa ne ya ƙi tashi jiya, sai yanzu na samu zama. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce in ji tsoron Allah in bar yarinyar nan ta samu aikinta. Hajiya, ni ma uba ne. Da a hannuna abin yake, da tuni ta fara aiki.

Ga inda muka tsaya. Malam Kalilu, manomin albasa, ya kawo ɗiyarsa Nazifa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Sun sauka gidan yayarsa Hajiya Sadatu a unguwar Badariya, domin gobe ne za a yi wa Nazifa intabiyu na aikin nas ta ɗakin tiyata a wani asibiti mai zaman kansa. Gurbi ɗaya ne tak.

*

"Baba."

Muryar ce ta fara tayar masa da hankali. Nazifa ba ta kiransa ƙasa-ƙasa haka sai in abu ya ɓaci.

Malam Kalilu ya rage muryar rediyo, ya gyara zama a kan tabarmar ɗakin baƙi. Hantsi ya riga ya dubi tsakar gida. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannayenta biyu cikin hijabi.

"Shigo mana. Lahiya?"

Ta shigo ta durƙusa.

"Mi ya faru? Mi kike ɓoyo?"

A hankali ta fito da hannayen ta ɗora a kan gwiwarta.

Salati ya ƙwace masa. Yatsun sun kumbura sun yi suntum, kamar ba nata ba. Duk inda lalle ya bi jiya, fatar ta tashi ta yi bororo cike da ruwa. Furen da aka zana mata a bayan hannu yana nan, ganye da reshe, sai dai yanzu kamar da ƙarfe mai zafi aka zana shi.

"Ruwan zafi ne? Wuta kinka taɓa?"

"Lallen jiya ne, Baba."

"Lalle ba ya haka."

"Lalle zalla ba ya haka," ta ce. "In da dayis na rina gashi a ciki yana yi. A jikina dai yana yi."

Jiya ta dawo masa gaba ɗaya, da zafinta.

Bayan la'asar ne Hajiya Sadatu ta kama hannun Nazifa a gabansa, ta juya shi gaba da baya tana yatsina fuska. Ta ce wannan hannu duk faso da baƙin ruwan albasa, da shi za a je gaban manyan likitoci? Ta ce mutanen birni hannu suke fara kallo, a bari ta ɗaura mata lalle ya rufe abin kunya. Nazifa ta ce a'a, ba a shiga tiyata da lalle. Hajiya ta juyo ta dube shi ta yi 'yar dariya, ta ce ka ji ko, boko ya sa ta fi ubanta sani. Wannan dariyar ce ta soke shi. Ya ɗaga murya ya ce in shi ya haife ta, ta miƙa hannu. Ta miƙa. Abu ɗaya ta roƙa, a yi ja zalla kuma a kwance da wuri don kada ya kama sosai. Hajiya ta rantse ja ne zalla.

Ba a kwance ledar da aka ɗaure mata hannu da ita ba sai da aka kira magariba.

Ya sake duban hannun.

"To... to ai safa kuke sawa. Ki sa safar hannunki, wa zai gani?"

"Kafin safa ake duba hannu, Baba. Shi ne abu na farko. Za su ce in nuna gaba da baya, su duba farce. Sannan in wanke a gabansu da sabulun aidin da buroshi, tun daga yatsa har gwiwar hannu."

"Na sani. Ba ni nike zuba miki ruwa ba?"

Shi ne kuwa. Tun ranar da aka kira ta, kullum da safe a gindin randa a Argungu, shi ke riƙe buta yana tsiyaya mata ruwa, ita tana wanke hannu ta ɗaga su sama kamar mai addu'a, ba ta yarda ruwan gwiwa ya gangaro wa yatsa. Yakan tsokane ta ya ce wannan alwala tata ta fi ta liman tsawo. Daga nan ta jera cokula da wuƙar yankan albasa a kan faifai, ta ce shi ne likita, ya miƙo hannu ya kira sunan ƙarfen tiyata ita ta ɗora masa a tafi. Har ya haddace sunaye biyu-uku da harshensa ba ya iya juyawa, uwarta tana daga madafa tana dariya.

"Mai ciwo a hannu ba ya taɓa cikin mutum a buɗe," Nazifa ta ce. "Ko ƙurji ɗaya ne. Doka ce."

"Gwada dai mu gani. Ina safar?"

"Baba..."

"Gwada, don Allah."

Ta zaro safar roba daga jakarta da bakin yatsu. Ya riƙe mata bakin safar ya buɗe, kamar yadda ta koya masa. Ta tura yatsu. Robar ta kama kumburin ta tsaya. Ta cije leɓe ta ƙara turawa. Bororon bayan hannu ya fashe, ruwa ya biyo wuyan hannunta, fatar ta naɗe kamar ɓawon albasa.

Ba ta yi ƙara ba. Shi ne ya yi.

"Bari! Bari haka nan! Cire!"

A daidai nan aka yi sallama. Ɗayyaba ce, ɗiyar Hajiya Sadatu, ɗauke da tire na koko da ƙosai. Sa'ar Nazifa ce, ita ma ta yi makarantar nas, tana ɗan aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa inda ake auna masu ciki.

"Kawu, ina kwana."

"Lahiya lau."

Ta sunkuya ta ajiye tiren. Ta dubi hannun Nazifa, ta ɗan ja tsaki na tausayi.

"Ayya. Sannu. Ki shafa man shanu."

Malam Kalilu bai ji me ta ce ba. Hannunta yake kallo.

Tunda yarinyar nan ta girma bai taɓa ganinta babu lalle ba. Ko ta'aziyya za ta je sai ta zana. Yau hannun fes, fari tas. Farcen da take tarawa an yanke shi har nama. Zoben zinariyar da ta yi ta juyawa a gabansu ranar da suka sauka, wanda saurayinta Munzali ya ba ta da aka sa musu rana, babu shi. Sai farin zagaye a yatsar, inda ya zauna.

"Ɗayyaba."

"Na'am, Kawu."

"Ina naki lallen?"

"Na huta ne kwana biyu."

"Ba tare anka kwaɓa jiya ba?"

"Mama ta ce ba zai isa mutum biyu ba."

"Kwano guda cike?"

Ta kama gyara kofin da ba ya buƙatar gyara.

"Zoben fa?"

"Yana matse ni."

Nazifa ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallon yatsun 'yar uwarta, ɗaya bayan ɗaya.

"Kin yanke farce har nama," ta ce a hankali.

"Laifi ne?"

"Farin hijabin da kika goge jiya, kika ce na walimar ƙawarki ne."

"To?"

"Ɗayyaba, sun kira ki?"

Ɗayyaba ta kawar da kai.

"Tambayarki nike. Asibitin nan, sun kira ki gobe?"

Ɗayyaba ta miƙe tsaye, ta rungume tiren a ƙirji. Tausayin nan ya sauka daga fuskarta kamar an goge da tsumma.

"Ke kaɗai kika yi makarantar nas?"

"Ba ki taɓa tsayawa a tiyata ba. Ke da bakinki kika ce jini yana juya miki kai."

"Za a koya."

"Shi ya sa tun da muka zo kike cewa in kawo ki riƙa yi min tambayoyi? Ki zama shugabar masu intabiyu, ni in amsa?"

"Kin kuwa amsa da kyau, wallahi." Ta yi murmushi. "Musamman na ƙirga auduga da ƙarafa kafin a ɗinke ciki, da wanda ke cewa in ƙirgen bai cika ba ko likita ya yi faɗa kada ki yi shiru. Ban san wannan ba sai a bakinki. Na ma ɗauki muryarki a waya, ina ta saurare. Kawu, a sha koko kada ya huce."

Ta fita, takalminta yana ƙara a kan siminti.

Jama'a, duk mai ɗiya ya san akwai kallon da yaro zai yi maka wanda ya fi zagi ciwo. Nazifa ba ta yi masa shi ba. Ta sunkuyar da kai ne don kada ta yi. Wannan ya fi komai ƙona shi.

Ya tashi ya zura takalmi.

Bai nufi wajen yayarsa kai tsaye ba. Ƙafarsa ta kai shi bayan madafa, wajen wanke-wanke, inda aka zauna jiya. Kwanon lallen yana nan a kife, ba a wanke ba. Ya ɗaga shi da yatsa. A ƙarƙashi akwai 'yar leda da aka yage wa baki, da hoton wata mace mai baƙin gashi har kafaɗa. Turancin jiki ya fi ƙarfinsa, amma ya san ledar. Irinta ce mai aski a kasuwar Argungu yake kwaɓa wa masu ɓoye furfura.

Ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba.

Hajiya Sadatu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a inuwar baranda, zani ɗaure a ƙirji, tana yanka albasa cikin babban faranti. Albasarsa ce, wadda ya zaɓo da hannunsa ya cika buhu ya kawo mata tsaraba. Tukunyar kaji tana tafasa a gefe, ƙamshi ya cika gida kamar ranar suna.

"Yaya."

"Na'am, ɗan Inna. Ka sha kokon?"

"Mi kinka sa cikin lallen?"

"Lalle."

"Sai mi?"

"Ruwa. Da ɗan lemun tsami. Ko kai ma kana so a ɗaura maka?"

"Kin ga hannunta?"

"Na gani. Jinin wasu ba ya son ado. Allah ya sawwaƙe."

"Yaya, kin manta bikin ɗan uwanmu Rabi'u? Cikin gidan ga anka yi mata baƙin lalle tana ƙarama, hannunta ya kumbura. Ke kinka goya ta zuwa kemis. Ke kinka kira ni kinka ce kada a sake bari dayis ya taɓa ta har abada."

"Na tsufa, Kalilu. Mantuwa ta yi min yawa."

"Ba ki manta ba."

Wuƙar ta tsaya. Ta ɗago ido ta dube shi, irin kallon da take yi masa tun yana yawo ba wando.

"Ka gani da idonka na zuba?"

Hannunsa ya tafi aljihu. Ya ji ledar a ƙarƙashin yatsunsa. Sai hannun ya tsaya a nan, ya ƙi shiga. Namiji mai furfura a gemu, mai gona da 'ya'ya, amma in matar nan ta kafa masa ido sai ya koma ɗan yaro.

Ta ci gaba da yanka.

"Tunda ka taso da magana, zauna mu yi ta. Wa ya ce ta miƙa hannu?"

"Ke kinka ce..."

"Ni shawara na ba ka. Yarinya ta ce ba ta so. Da bakinta ta faɗa maka ba a shiga tiyata da lalle. Wa ya ce in shi ya haihe ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da anka ɗaure ledar ta fara cewa zafi, Gwaggo zafi, a kwance. Wa ya ɗaga murya daga ɗakin baƙi ya ce ta yi haƙuri, lalle ne shina kamawa? Ni ce?"

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

"To ai shi ke nan. Ba ka sani ba. Kai ba ka san komi ba sai ranar da za a cire albasa. Amma ka ɗauko yarinya ka taho birni za ku shiga ɗakin tiyata." Ta yi dariya har kafaɗarta tana rawa. "Marar lahiya ya farka daga allurar barci ya ji warin albasa, ya zaci kasuwa anka kai shi."

"Ɗiyarki ce ita ma."

"Ɗiyata tana nan, ga ta can tana guga. Gidan 'yan boko za ta shiga, gidan da matansu duk suna da ofis. Ka so ta shiga da hannu biyu tana auna cikin matan unguwa, su raina ta? Gurbi ɗaya ne. Taka ta koma Argungu mana. Masunta ba su ƙare ba, kullum ƙugiya tana soke su. Ta riƙa ɗaure musu yatsa, su ba ta kifi."

"Ta daɗe tana tsaye a tiyata kyauta, Yaya, ba a biyanta, don kawai ta koya. Da sassafe take fita. Ƙafarta har kumbura take."

"Allah ya ba ta lada."

"Kin cuce ni."

"Na cuce ka?" Ta ajiye wuƙar, ta nuna bayanta da babban yatsa. "Bayan ga ne ya goye ka da Inna ta rasu. Kashinka da fitsarinka duk a nan sunka ƙare. Aurena na fari saboda kai ya mutu, don miji ya ce ba ya riƙon ƙanin mata. Ban taɓa roƙonka komi ba. Yau ɗaya na ɗauki abu guda a hannunka, shi ne na cuce ka?"

"A hannuna kinka ɗauka? A hannun yarinya kinka ɗauka! Fatarta kinka ɗauka!"

"Fata tana tsirowa. Rage murya, ina da baƙuwa tana tafe."

Ya juya. Idonsa yana yaji, ba na albasa ba.

A ɗakin baƙi ya tarar Nazifa ta riga ta tura kayanta cikin jaka da gwiwar hannu. Ta naɗe hannun da ya fashe da farin bandeji, ta ja bakin da haƙori.

"Tashi mu tai gida," ya ce. "Mu tai Argungu. Na ɓata miki, Nazifa. Ni na ɓata miki."

"Ba Argungu za mu ba, Baba."

"Ina za mu?"

"Kemis tukuna, in sha maganin kumburi. Sai mu nemi inda za mu kwana, ko gidan abokinka na unguwar Nasarawa. Gobe zan je."

"Da wanga hannu?"

"Da shi. Tambayoyin baki ba da hannu ake amsawa ba. Zan roƙa su ɗaga min wankin hannun zuwa mako mai zuwa, lokacin ya warke."

"Za su yarda?"

"Mutum ɗaya ce za ta ce e ko a'a. Shugabar nas-nas ta tiyata, Sista Zainabu. Na gan ta ranar da na je neman aikin. An ce tana da zafi, amma tana sauraron mutum. In na samu na tare ta ita kaɗai kafin a shiga, in faɗa mata yadda aka yi..."

"Za ki ce ubanki ne ya tilasta ki."

"Zan ce an sa min abin da jikina ba ya so ban sani ba. Gaskiya ce ai."

Ya dube ta. Yarinyar nan da ya yi wa tsawa jiya a gaban mutane, yau ita ke neman hanyar da za ta rufa masa asiri. Ya ɗauki jakar ya rataya a kafaɗa don kada ta ga fuskarsa.

Sun kai tsakar gida ke nan aka yi hon a waje. Ɗayyaba ta fito da gudu ta buɗe get. Wata farar mota ta shigo a hankali ta tsaya a gindin bishiyar mangwaro.

Hajiya Sadatu ta fito daga ɗaki. Har ta canja kaya, leshi mai nauyi da gyale, sai ƙamshin turare.

"A'a, Kalilu, ina za ku da jaka? Ku dakata ku gaida baƙuwata mana. Ba a haka."

Ƙofar motar ta buɗe. Wata mace ta fito, doguwa, mai farin gilashi, jakar fata a hannu. Ba ta yi ado ba, ko zobe babu a yatsarta.

Malam Kalilu ya ji Nazifa ta ja numfashi a bayansa.

"Baba," ta raɗa. "Ita ce."

"Wa?"

"Sista Zainabu."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi.

Aka shimfiɗa darduma a baranda. Aka yi gaisuwa, ta gajiya, ta aiki, ta zafin gari. Shi yana tsaye a gefe kamar an dasa shi. Nazifa ta maida hannayenta cikin hijabi, tana ja da baya a hankali zuwa ɗakin baƙi.

"Nazifa!" Hajiya ta kira da murya mai zaƙi. "Zo mana, ɗiyata. Ɗauko buta da roba ki zuba wa Sista ruwan wanke hannu, ga abinci nan za a kawo."

"Yaya, Ɗayyaba ta zuba," Malam Kalilu ya ce da sauri.

"Ɗayyaba tana madafa. Ko a Argungu ba a koya wa yara hidimar baƙi?"

Sista Zainabu ta juyo ta dubi yarinyar ta saman gilashi.

Babu wajen gudu. Nazifa ta je ta ɗauko butar. Ba ta iya riƙe ta da yatsu ba, sai ta matse ta tsakanin wuyan hannayenta biyu. Ta durƙusa. Hijabin ya zame baya.

Sista ba ta miƙa hannu ba.

"Ajiye butar."

Ta ajiye.

"Nuna min. Gaba. Baya."

Ta nuna.

"Na san fuskarki. Ba kina cikin waɗanda muka kira gobe ba?"

"Ina ciki, Sista."

"Ke ce wadda aka ce ta yi aikin sa kai a tiyata a Argungu?"

"Ni ce."

"Kuma kika ɗaura lalle ana jibi za ki wanke hannu a gabana?"

Nazifa ta sauke hannayenta kan gwiwa.

"Ba ki san doka ba ne, ko raina ta kika yi?"

"Na sani, Sista."

"To wa ya sa ki?"

Hajiya Sadatu ta yi ajiyar zuciya. "Yaran yanzu da son ado, Sista. Na yi magana har na gaji."

Nazifa ta dubi ƙasa.

"Ba wanda ya sa ni," ta ce. "Ni na yarda."

"Ƙarya take!"

Shi kansa bai san muryarsa za ta fita haka ba. Har tsuntsayen kan mangwaro suka tashi.

"Ƙarya take, Sista, ranki ya daɗe. Ta ce ba ta so. Ta faɗi dokarku da bakinta. Ni ubanta, ni na tilasta ta, don jahilci. In laifi ne nawa ne, a hukunta ni. Amma lalle zalla munka ce. Lalle zalla anka rantse mana."

"Kalilu," Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa. "Kalilu, shiga ɗaki."

Bai shiga ba. Ya dubi bandejin hannun ɗiyarsa, inda ruwa ya riga ya ɓullo ya yi rawaya. Wannan karon hannun ya shiga aljihu.

Ya durƙusa a bakin dardumar, ya miƙa ledar da hannu biyu.

"Ƙarƙashin kwanon lallen na tsince ta. Karatuna bai yi nisa ba. Don Allah karanta min, mi anka rubuta? Kuma ki tambayi yayata ko ta san abin da wanga abu yake yi wa jikin yarinyar ga, tunda ɗiyarta ma gobe tana gabanku."

Fuskar Hajiya ta yi fari fat.

Sista Zainabu ta karɓi ledar. Ta gyara gilashi. Ta karanta gaba, ta juya ta karanta baya. Ta shinshina bakin. Sannan ta ɗago ta dubi Hajiya Sadatu, ta daɗe tana kallonta, har Hajiya ta kawar da kai.

Malam Kalilu ya zuba wa Sista ido. Alhamdu lillahi, yake faɗa a ransa. An ce tana sauraron mutum. Alhamdu lillahi.

Sista ta ninke ledar gida biyu. Ta ƙara ninkewa. Ta buɗe jakarta ta fata, ta jefa a ciki, ta ja zif.

Ɗayyaba ta iso da tiren abinci, ta durƙusa ta ajiye. Sista ta kama hannunta ta juya shi gaba da baya, ta shafa farin zagayen nan na yatsa.

"Ina zoben da Munzalina ya ba ki?"

"Na cire saboda gobe, Mama."

"Yawwa. Haka nas take."

Munzalina. Mama.

Sai yanzu Malam Kalilu ya gane: uwar saurayin Ɗayyaba ce. Ba a gayyace shi sa ranar ba, a waya ya ji, bai taɓa tambayar ɗan wane ne yaron ba. Hannayensa biyu har yanzu suna miƙe a gabansa, babu komai a ciki.

"Sista," ya ce. "Ledata."

Ta ɗauki cokali, ta buɗe kwanon kaji, tururi ya rufe mata gilashi. Ta cire shi tana gogewa da bakin gyale, ta dube shi da ido tsirara.

"Wace leda, Malam?"